Muhawara: Ko ƙwayoyin gadon otofaji za su iya hasashen makomar mai sankarar bakin mahaifa?

Malamin jami'a: Ina nan a kan bakana cewa ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da otofaji, wato yadda tantanin jiki ke narkar da lalatattun sassansa ya sake amfani da su, za su zama ma'aunin hasashen yadda sankarar bakin mahaifa za ta kaya. Tun da masanin kimiyyar nan na Japan, Yoshinori Ohsumi, ya gano su a cikin yis, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2016, masu bincike ke auna ƙarfin aikin irin su Beclin 1 da LC3 a cikin ƙari, suna raba marasa lafiya gida biyu, masu babban haɗari da masu ƙarami.

Likitar mata: Malam, ban raina binciken ba, amma yawancin lissafin nan daga TCGA, wato rumbun bayanan ƙwayoyin gadon masu sankara na Amurka, aka ciro shi, inda bayanan masu wannan cuta ba su wuce na mata 300 da 'yan kai ba, kuma ma'aunin da aka gina a kan mutane ƙalilan, aka sake gwada shi a kansu, ai dole ya yi kamar ya dace. Sannan a farkon lamari otofaji yana kare tantani daga lalacewa, amma da zarar ƙari ya kafu, shi ne ke riƙe da ransa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci ko aka fara gasa ƙarin da na'ura da kuma ba da maganin sankara na cisplatin. To idan gwaji ya nuna ya yi yawa, albishir zan yi wa mara lafiya ko jaje?

Malamin jami'a: Likita, ai nan ne ƙofar magani take, domin kulorokwin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro yana tsayar da otofaji a matakin ƙarshe, kuma ana gwada haɗa danginsa da magungunan sankara.

Likitar mata: Gwaji ne har yanzu, Malam, kada wata ta karanta wannan ta nufi kemis.

Ma'aikaciyar jinya: Ranku ya daɗe, mu a asibiti mace kan zo ne bayan ta daɗe tana zubar jini, cutar ta riga ta yi nisa. Ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 da na 18 ce ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, kuma a Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta. Malam, ma'aunin naka nawa zai ci, kuma a wane ɗakin gwaji za a yi shi?