Neman kalma: in ƙwayar jiki ta daina jin kiran homon, me za mu ce da Hausa?

Jama'a a taimaka min, jiya ina yi wa ƙanwata mai karatun ungozoma bayanin desensitization sai na maƙale, na san abun amma Hausarsa ta ƙi zuwa.

Abun dai shi ne, homon saƙo ne da jini ke kaiwa, ita kuma ƙwayar halitta tana da makarɓai a jikinta kaman kunnuwa. In aka dinga buga mata saƙon ba hutu, cikin mintuna wani furotin mai suna arestin zai zo ya toshe makarɓin, in abun ya daɗe sai ƙwayar ta janye makarɓan ciki ta ɓoye, wasu ma ta narkar da su. Binciken irin waɗannan makarɓan ne ya sa Robert Lefkowitz da Brian Kobilka na Amurka suka ci kyautar Nobel a 2012.

Ƙanwata a ɗakin haihuwa za ta gan shi da idonta, ruwan naƙuda, oksitosin kenan, in ya yi awanni da yawa yana shiga sai mahaifa ta rage amsawa, bayan haihuwa ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle. Wani wajen kuma da gangan likitoci ke yi, allurar Zoladex ta masu kansar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, cika saƙon take har jiki ya daina ji, homon ɗin maza ya sauka.

Na fara da "sabo", ƙanwata ta ce ai sabo da daɗi, ana sabawa da mutum a ƙara sonsa. Gaskiyarta. Wani malami a nan ya kawo "kangarewa", ni dai bai kwanta min ba, kangararre da taurin kai yake yi kuma da wuya ya dawo hanya, ita ko ƙwayar nan a ɗaga mata ƙafa kawai sai makarɓan su dawo. Wata 'yar uwa ta ce "kanta", irin ta hannun manomi, wallahi ta burge ni, sai dai kanta ƙaruwa ce, nan kuma raguwa ake yi.

Ni na tsaya a kan "dakushewar amsa". Wuƙa in ta sha yanka dakushewa take, ba ta mutu ba, a wasa ta ta dawo, kun ga mun samu "wasuwa" kenan a kyauta don lokacin da ƙwayar ta farfaɗo. Ɓoye makarɓan kuma a bar shi "janye makarɓai".

Mutanen Damagaram da Sakkwato, ku ma dakushewa kuke cewa ko da wata a bakinku?