Wa ya ga dashensa ya tsallake rani? Ku ba mu labari

Malamin Kumo:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green a 2019, da burin dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara, kusan kowa ya taɓa riƙe dashe a baƙar leda. Kullum a rediyo ana cewa bishiya ce ke tare kwararowar hamada, ita ke rage zafin nan da ke ƙaruwa. Mun ji, mun yarda. Amma dasawa a Yuli ba wani aiki ba ne, ƙasa a jiƙe take. Wuyar tana Maris da Afrilu. Bana za mu dasa a makarantarmu, don haka wanda nasa ya rayu ya taimaka ya gaya mana yadda ya yi.

Maman Biyu, Bolari:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ruwan alwala ne ya raya mini darbejiya da zogale. Na dasa su daf da inda maigida da yara ke alwala, na ja 'yar hanya da fartanya zuwa gindinsu. Sau biyar a rana suna samun rabonsu, ban taɓa sayen jarka ko ɗaya dominsu ba. Ruwan wankin hatsi ma can nake zubawa, amma ban da mai omo. Sai kuma awaki, su ne babban abokin gaba. Sai da na jera bulo na kewaye, na ɗora ƙayar magarya a sama, sannan suka haƙura.

Baba Manomi, Dukku:
Malam, ni ban cika dasawa ba, raino nake yi. Duk gonar da ka gani a nan akwai kututturen da aka sare tuntuni, kalgo, sabara, aduwa, gawo, kuma duk shekara suna tohowa mu kuma mu bi su da gatari lokacin sharar gona. Yanzu in na zo kan kututture sai in zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi in bari, in sassabe sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ya neman ban ruwa, gara ba ta iya masa komai. Mutanen Maraɗi sun daɗe suna yi, suna ce masa sassaben zamani.

Gawo na fi lallaɓawa. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Ka je ka dubi geron da ke ƙarƙashinsa ka dubi na fili, ba sai an yi maka bayani ba. Da rani 'ya'yansa abincin tumaki ne. Reshen da na sassabe kuma shi iyali ke girki da shi.

Ɗan Bajoga:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma in ya yi kauri fa? A wajenmu sai ka raini itace shekaru, wata safiya ka tarar masu gawayi sun bar maka kututture. Wannan ne ya kashe wa mutane da yawa gwiwa.

Baba Manomi, Dukku:
Gaskiyarka ɗana. Mutum ɗaya ba ya tsare daji. Mu sai da muka zauna gaban mai unguwa aka yi magana ɗaya: itacen da ke gonar mutum nasa ne, wanda ya sara ba izini zai biya. Ba a daina gaba ɗaya ba, amma an ragu.

Yaya Habu, Billiri:
Ga dabarar tulu ga mai mangwaro ko kashu. Ka binne tulun ƙasa kusa da dashen, bakinsa kawai a waje, ka cika ka rufe da tsohon faifai ko fasasshen kasko. Ruwan yana tsattsafowa a hankali daidai wajen saiwa, rana ba ta shanye shi. Ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen, gara za ta hau. Ni toka nake barbaɗawa. Kuma Malam, in akwai rijiya a makarantar, kada ku dasa itacen turare kusa da ita, shan ruwa gare shi.

Malamin Kumo:
Allah ya saka da alheri. Tulun nan za mu gwada. Saura guda: hutun zango na biyu yakan faɗo ne a tsakiyar zafi, makaranta ba kowa.

Maman Biyu, Bolari:
Ku dasa wasu ta bayan masallacin makarantar, mutanen unguwa ai ba sa hutun salla. Sauran ku raba wa yaran da gidajensu ke kusa, kowane yaro da tulunsa, a rubuta sunansa a jikin bulon.