Na'urar da Take Mantuwa, Tunani Take Yi ko Tankaɗe?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Jiya aka ce a nan wai masu bincike a Turai sun koya wa kwamfuta yin tunani a kan bayanan da ke kwarara ba tsayawa, irin na na'urorin ƙirga motoci a titi. Ni dai ban yarda ba. Tankaɗe ne kawai, kamar rariya. Abin da yake zubar da labarin minti biyar da suka wuce, ina tunani a nan?

Ɗalibar kwamfuta: Wa alaikumus salam Yaya. Ai rariya ba ta fitar da abin da ba a zuba mata ba. A 2009 ne Emanuele Della Valle da Stefano Ceri na jami'ar fasaha ta Milan a Italiya, tare da Frank van Harmelen da Dieter Fensel, suka yi kira a buɗe wannan fage da ake kira stream reasoning, a Milan ɗin kuma aka ƙera C-SPARQL, wato harshen yi wa bayanai masu kwarara tambaya. Ga misali: na'urar bakin titi ta turo cewa mota mai lamba kaza ta wuce mahaɗa kaza, iyakar abin da ta sani ke nan. A ajiye kuma akwai ilimin da ba ya sauyawa: wannan lamba ta motar ɗaukar marasa lafiya ce, irin wannan mota ta gaggawa ce, mahaɗar kuma tana kan hanyar asibiti. Babu na'urar da ta ce "akwai gaggawa a hanyar asibiti". Tsarin ne ya haɗa ya fitar.

Injiniya: Ƙanwata, ki ba ni manhajojin sarrafa kwararar bayanai irin su Kafka da Flink da kwana biyu, zan rubuta miki wannan dokar.

Ɗalibar kwamfuta: Za ka rubuta ɗaya, har ɗari ma, kowace da hannunka. Amma ba fitar da hukuncin ne ke ba masu binciken wuya ba, janye shi ne. Tsarin ta taga yake leƙen kwararar, a ce minti biyar na ƙarshe. Da labarin motar ya fita daga tagar, duk abin da aka gina a kansa dole ya rushe, sai dai in wani dalilin na riƙe da shi. Sake lissafi daga farko kowane daƙiƙa kuwa ba ya yiwuwa. Dabarar mutanen Milan ita ce, kowane sakamako a liƙa masa lokacin ƙarewarsa tun daga haihuwa, kamar kwalin magani.

Malam: Ni ba ɗan kwamfuta ba ne, amma wannan bai yi mini baƙo ba. A usulul fiƙihu mun karanta cewa hukunci yana kewayawa da illarsa, wato dalilinsa, in ta kau shi ma ya kau. Wanda ya ci gaba da ƙasaru bayan ya dawo gida ba shi ne mai fahimta ba. Injiniya, mantuwar da kake zargi wataƙila ita ce rabin istinbaɗin, wato fitar da hukunci daga dalili.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, matafiyi ya san ya dawo gida. Ita kuwa agogo kawai take kallo. A ce motar ta maƙale a cunkoso minti shida ba ta wuce wata na'ura ba. Taga ta rufe, tsarin ya ce babu gaggawa, mara lafiya kuwa yana nan kwance a ciki.

Malam: To, nan kam ka kawo shubuha mai ƙarfi.

Ɗalibar kwamfuta: Na karɓi wannan, Yaya. Su Thomas Eiter a Viyana sun fito da LARS, wani tsarin rubuta dokokin tunani a kan kwararar bayanai, a 2015, inda za ka iya ba kowane sharaɗi tagarsa, ka kuma bambanta "ya faru ko sau ɗaya a cikin tagar" da "yana faruwa duk tsawonta". Sai ka rubuta cewa gaggawa ba ta faɗuwa har sai an ga motar a ƙofar asibiti. Amma faɗin tagar da wannan sharaɗin, mutum ne yake zaɓa.

Injiniya: Ato! Ashe tunanin nawa ne, ita dako kawai take yi.

Ɗalibar kwamfuta: Haɗa lambar motar da hanyar asibiti fa, da ƙarfe uku na dare kana barci?

Injiniya: Wannan na bar mata. Minti shidan nan ne ban bari ba.