Neman shawara: injin naɗe igiya yana neman ja mini asara a jirgin maigida

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan ruwa. Wata takwas ke nan ina aiki a Dubai, a wani ƙaramin jirgin shaƙatawa na iyali, irin wanda ake jan masu wasan wekbod da shi. Ga wanda bai sani ba, allo ne mutum ke ɗaure ƙafafunsa a kai, ya riƙe igiya, jirgi na jansa yana tsallake taguwar da jirgin ke tayarwa. Aikina shi ne sa ido a kan mai wasa, jefa masa igiya, da tattaro ta idan ya faɗi. A kwale-kwale na tashi, ruwa ba baƙona ba ne, amma wannan harka sabuwa ce gare ni.

Watan jiya maigida ya sayo injin naɗe igiya mai aiki da batirin jirgi, aka kafa shi a baya. Ka danna makunni ya naɗe igiyar ƙafa 65 nan da nan. Tun ranar ban huta ba. Igiyar takan nutse cikin 'yar'uwarta a kan kwarkwaron, in zo warwarewa ta ƙi, baƙi na jira ina ta fama da yatsu. Fis ya ƙone sau uku. Rannan mariƙin igiyar ya taso da gudu ya bugi gwiwar ƙaramin ɗan maigida.

Babbar ita ce ta Juma'ar da ta wuce. Yaro ya faɗi, direba ya juyo da sauri zai ɗauke shi, ni kuma na danna injin ina ganin zai riga mu tattare igiyar. Sai ya cije. Igiya ta shige ƙarƙashin jirgi ta naɗe farfela, sai da na nutsa da wuƙa na yanke ta. An ce za a cire kuɗinta daga albashina. Yanzu kuma maigida yana so a bar igiyar a jikin injin yayin jan mutum, wai don a riƙa ƙara tsawo ko ragewa ba sai an tsaya ba. Hankalina bai kwanta da hakan ba. Don Allah waɗanda suka sani su taimaka.

Baba Makaniki, Jidda:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai: da ka nutsa, makullin jirgin yana ina? In ba a aljihunka yake ba, kada ka sake. Kashe inji bai isa ba, zare makulli za ka yi ka tafi da shi. Waɗannan jiragen farfelarsu a ƙarƙashin ciki take, direba ba ya ganinka.

Maganar ja da injin kuwa, hankalinka ya gaya maka gaskiya. Ɗauko takardar da ya zo da ita ka karanta. In ba a rubuta ƙarara cewa an ƙera shi don ɗaukar nauyin mai wasa ba, to aikinsa tattara igiyar da ba kowa a kanta, shi ke nan. Wurin ɗaura igiya shi ne ƙugiyar da ke saman hasumiyar ƙarfe ta jirgin, wadda aka ɗaure da jikin jirgi don wannan aiki. Ka tuna igiyar wekbod ba irin ta da ba ce mai talewa kamar roba. Da zaren Dyneema ko Spectra ake yin ta, kusan ba ta miƙewa sam. Mutum na gudun mil 18 zuwa 22 a awa, ya karkata allo ya yanka gefe, duk wannan fizgar kai tsaye take zuwa inda aka ɗaura. In a kan kwarkwaro ne, ko haƙoran giya su kakkarye, ko kusoshin su tumɓuke, ƙarfe ya tashi ya nufi yaron da ke baya.

Sannan ka sa a duba sandar farfelar. Igiyar da ta naɗe ta tana iya cin robar da sandar ke juyawa a ciki. In kun ji jirgi yana karkarwa da ba ya yi a da, daga nan ne.

Ɗan Yawuri:
Baba, wallahi makullin yana jiki na nutsa. Yanzu da ka faɗa jikina ya yi sanyi. Na gode.

Mai Waya na Legas:
Ni ɓangaren wuta zan taɓa. Fis ba ya ƙonewa haka kawai, kuma ina roƙonka kada ka bari wani ya sa maka wanda ya fi shi girma don a huta. Idan igiya ta cije, moton ya tsaya cak alhali kana danne da makunni, wutar da yake ja sai ta ninka, fis ya ƙone domin kada waya ta kama. Wato cijewar ce ke cinye maka fis. Da ka ji sautin moto ya canza, ɗage yatsa.

Duk da haka ka bi wayar da ido tun daga batir. Wuta mai bolt 12 tana raguwa sosai a siririyar waya mai tsawo, moto ya rasa ƙarfi ya yi zafi. Fis ɗin ya kasance dab da batir, ƙa'idar masu haɗa wutar jirgi a Amurka inci 7 ce. Wayar kuma ta zama ta jirgin ruwa mai rufin kuza a kan tagullar. In ta mota aka sa muku, fere bakinta ka gani: ruwan gishiri zai sa ta yi kore ko baƙi cikin 'yan watanni.

Sarkin Ruwa Ƙarami:
Ni fa a ganina a kwance shi a ajiye. Igiyar ƙafa 65, mita 20 ke nan, mene ne abin wahala? Shekara shida ina tattarawa da hannu, ban taɓa sa wa farfela igiya ba. Sun sayo abin da zai sa yaro ya daina kallon ruwa ya koma kallon makunni.

Yaya Telan Abu Dabi:
Sarkin Ruwa, ba shi ya saya ba, ba kuma shi zai ce a cire ba. Mu ba shi abin da zai yi aiki da shi gobe.

Ƙanena, kafin in shigo aikin jirgi ɗinki nake yi, kuma matsalarka ta farko na san ta tun a keke. In ka naɗa zare a kwarkwaro sako-sako, da an ja sai na sama ya nutse cikin na ƙasa. Haka igiyarka take yi, ga ta da santsi kuma. Ka warware ta duka a kan ruwa, jirgi na tafiya a hankali, ka sake naɗawa da ɗan tauri tun daga zagayen farko. Sa safar hannu ta fata, igiyar ta riƙa bi ta tafin hannunka a buɗe, kana kai ta dama da hagu don ta jeru. Hannun ya yi nesa da bakin injin da kamu biyu aƙalla, kuma ko da wasa kada ka naɗa ta a yatsa ko wuyan hannu. Kada ka matse ta da ƙarfi tana gudu: wannan zaren yana narkewa a wajen digiri 150 na ma'aunin Celsius, gogayya kaɗai tana iya cinye shi. Inda ka ga ya yi ƙyalli ya taurare, wurin ya mutu.

Mariƙi kuma, ɗaura jan ƙyalle a igiyar kamar ƙafa 10 kafin shi. Da ƙyallen ya iso, saki makunni ka ƙarasa da hannu. Kuma kada ka daɗe a tsugune a dandamalin baya injin jirgi na aiki, hayaƙin salansa a nan yake taruwa, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari.

Baba Makaniki, Jidda:
Tela ya gama magana a kan naɗi. Saura ta Juma'a, kuma a nan ba na ganin laifinka kai kaɗai. Igiyar tana yawo a saman ruwa, gaskiya ne, amma jirgin da ya juyo da wuta a kanta, ko ya sa ribas, zai tsotse ta. Idan mai wasa ya faɗi, direba ya sauke wuta tukuna, jirgi ya lafa, sannan ya juyo a hankali igiya na gefen da yake gani. In wanda ya faɗi zai sake tashi, ba a ma naɗe ta: zagaya shi ake yi a hankali har mariƙin ya iso hannunsa. Injin naka sai an gama, mutum zai hau jirgi, giya tana firi, kuma a kashe injin jirgi kafin ya matso baya. Ku zauna da direba ku yanke kalma ɗaya da za ka faɗa da ƙarfi, wadda in bai ji ta ba ba zai taɓa giya ba.

Maigida kuma kada ka yi masa gardama a gaban 'ya'yansa. Same shi shi kaɗai da takardar injin a hannu. Nuna masa cewa igiyoyin nan da yawa gaɓa-gaɓa suke zuwa, kowace gaɓa ƙafa 5, ana rage tsawo a ƙugiya cikin ɗan lokaci kaɗan.

Ɗan Yawuri:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na samo takardar a akwatin ƙarƙashin kujera, an rubuta a shafi na biyu cewa kada a ja mutum da shi. Na nuna wa maigida bayan la'asar, ya karanta ya yi shiru, ya ce a mayar da igiya hasumiya. Na fere wayar kamar yadda Mai Waya ya ce, ta yi kore har ciki, gobe za a canza. Kuɗin igiya dai bai ce ya yafe ba, ni ma ban tayar ba tukuna. Direba ya yarda da kalmar, mun zaɓi "kiliya". Baba, karkarwar da ka ambata na ji ta yau da muka wuce mil 15. Sai an ɗaga jirgin daga ruwa ake duba robar, ko zan iya gane ta da hannu in na nutsa da makulli a aljihu?