Ƙafafun gaban keken hawa dutse: da wane suna za mu kira su?

Mai zare (wanda ya buɗe zancen): Jama'a, salamu alaikum. Suna nake nema. Kekunan hawa dutse sun yi yawa a hannun 'yan gwanjo, akasarinsu da ƙafafun nan biyu na gaba masu shigewa su fito idan taya ta daki dutse ko ta faɗa rami. Turawa na ce musu sasfenshan fok. Masu gyaran keke kuwa fok kawai suke cewa, sunan da suke kiran ƙarfen gaban Raleigh da Phoenix da shi. Na Raleigh ƙarfe ne ƙafaffe, in ya lanƙwashe a miƙar, in ya karye a kai wa mai walda. Wannan kuwa akwai mai a cikinsa, da sifirin ko iska, da sil. Wanda ya kira shi da sunan wancan, riƙon wancan zai yi masa, ba zai buɗe shi ba sai ya ƙame.

Makaniken babur: Oga, ai shokazoba ce, me kuma ake nema? Irin ta gaban babur ce, ƙanƙanta kawai ta yi. Mu kullum cikin buɗe ta muke.

Mai zare: Ta wajen asali ka yi gaskiya, maigida. Paul Turner da ya kafa RockShox, kamfanin ƙera irin waɗannan ƙafafu, a Amurka a 1989 daga harkar tseren babur ya fito, haka Bob Fox da ya fara nasa kamfanin, Fox, a 1974. Sai dai keke da yawa suna da wata shokazobar a baya, ƙarƙashin sirdi. Ka aika a sayo maka sil ɗin shokazoba, wanne za a kawo? Kuma ta baya lotsawa kaɗai ce aikinta. Ta gaba ita ke riƙe da taya, a jikinta birki yake, da ita ake juya kan keke.

Wani ɗalibi: To a fassara shi kai tsaye mana, cokali mai yatsu!

Malamar Hausa: Ɗana, ba taliya za mu ci ba. Muna da kalmar tun kaka da kakanni: gwafa. Icen nan mai baki biyu da ake tokare rumfa da shi, wanda yara ke ɗaura wa danƙo su harbi tsuntsu. Juya gwafa ta kalli ƙasa, ka sa taya a tsakaninta, ga abinka. Saura a raba mai motsi da marar motsi. Ni dai na ce sha-gargada, a bisa ƙirar ci-rani da hana-salla. Gwafa sha-gargada, ɗayar kuma ƙafaffiyar gwafa.

Wani mai hawa daga Jos: Malama, da girmanki, ni "gwafa mai lotsawa" ta fi kwanta mini. Abin da ido ke gani ke nan.

Mai zare: Ɗan'uwa, bar mana lotsawa, tana da nata gurbin. Idan ka hau keke ka zauna cik, gwafar za ta ɗan nutse da nauyinka. Wannan nutsewar ake aunawa kafin a ce an daidaita ta, kuma a gaba akan nemi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na iyakar tafiyarta. Gwafar da ke shigewa milimita 100 sai ta nutse 15 zuwa 20. Ta wuce haka sosai, iska ta yi kaɗan. Ta ƙi motsi, iska ta yi yawa ko ta bushe. Wannan awon shi ne lotsawa. Ana ƙara iskar da ɗan famfo na musamman mai agogo, mai kaiwa har 300 a ma'aunin iskar taya. Injin mai faci ba ya wannan aikin, domin ɗakin iskar ƙarami ne ƙwarai, ɗan kaɗan ya canza komai. Na karɓi sha-gargada, Malama, Allah ya ƙara basira.

Inda na fi damuwa shi ne sassanta, don a nan ake asarar kuɗi. Akwai sanduna biyu masu sheƙi a sama, suna shiga cikin wasu ƙafafu masu kauri a ƙasa, kamar takobi da kubensa. Ina ganin mu ce sanda da kube, shi ke nan. A bakin kube akwai sil mai share ƙura, ƙarƙashinsa zoben soso da ke riƙe mai, can ciki kuma bushin da sanda ke zamewa a kai. Ƙaramin sabis, wanda RockShox ke cewa a yi bayan awa 50 na hawa, shi zan kira wankin kube: a fara sace iska duka, a kwance kusoshin gindi, a zare kube, a tsiyaye tsohon mai, a goge, a jiƙa zoben soso, a zuba sabon mai da awo. Wasu samfurin mililita 10 kacal suke ɗauka a kowace ƙafa. Babban sabis, mai taɓa ɗakin iska da cikin na'urar da ke hana gwafa dawowa da ƙarfi, a yawancin sababbin nasu awa 200 ne. Fox kuwa awa 125 suka ce, ko shekara guda, duk wanda ya riga. Mai hawa cikin ƙurar hunturu kada ma ya jira lissafin ya cika.

Makaniken babur: Mai ai mai ne, oga. In zuba baƙin mai ba zai yi ba?

Mai zare: Kada ka soma. Kowace gwafa da kaurin man da aka rubuta mata da yawansa, kuma cikawa fiye da kima na hana ta shigewa har ƙarshe. Sannan a raba sabis da gyara. Sabis kafin ɓarna ake yinsa. Da zarar yashi ya shige sil ya karce sanda, mai zai riƙa zubowa, wani lokaci har kan faifan birki, kuma sandunan a matse suke da kan gwafar, gaba ɗaya ake canza su. A keken gwanjo wannan kuɗin kan fi kuɗin keken. Masu araha irin samfurin XCT na kamfanin SR Suntour, sifirin ne da giris, wanka da sabon giris ya ishe su. Marasa suna da suka yi tsatsa har ciki kuwa, gara a cire a sa ƙafaffiyar gwafa, ta fi sauƙin nauyi.

Malamar Hausa: Saura abu ɗaya ba ku raɗa masa suna ba: na'urar da ke tilasta wa mai bi ta ƙananan huji don kada gwafa ta dawo da ƙarfi ta cilla mutum.

Wani mai hawa daga Jos: Birkin mai?

Makaniken babur: A'a. Ka ce mini birkin mai ya lalace, faifan taya zan nufa. Ku nemo wani.