Na maƙale a babi na 31: ta wace hanya Rabi za ta rama?

Ummu Khairat, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Yau kwana tara ban tura ko shafi ɗaya ba, masu karatuna kuma sun hana wayata sakat a WhatsApp.

Labarin a nan Legas na kafa shi, don na gaji da Alhaji mai gidan bene da direba da 'yan aiki. Rabi 'yar Gumel ce, aka kawo ta Agege tana da shekara 17. Ciki da falo take zaune a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da banɗaki biyu, layin ruwa tun asuba. Mijinta dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba. Shekara 14 da aure, 'ya'ya huɗu. Sai ya tsiri kwanan waje, wai ana sauke tirela. Ran nan tana wanki ta zaro takarda a aljihun rigarsa, ruwa har ya fara cin tawadar. Ba ta yi boko ba, sai ta miƙa wa babban ɗanta. Yaron ya karanta: rasidin hayar shekara guda ne a unguwar Ogba. Da ya kai kan sunan matar da uban ya kama wa ɗakin sai ya yi shiru, ya ajiye takardar a bakin baho ya fita.

Wannan wurin ba ƙirƙira na yi ba. A tsakar gidanmu ya faru da wata maƙwabciyata, ina tsaye da bokitina, kuma har yau ina ganin yadda ta ci gaba da cuɗa rigar nan kamar ba ta ji ba.

To, masu karatu jini suke so. Wasu sun ce ta soya mai ta watsa wa matar, wasu boka, wasu ta kashe auren ta auri ubangidansa. Zuciyata ta ƙi duka. Amma kuma wallahi ba zan rubuta cewa ta yi haƙuri, ya kamu da ciwo, ya dawo yana kuka ba. Mace irin Rabi, uwa da uba suna can nesa, da me take ramawa a garin nan?

Baban Sadik, Mile 12

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Shekarata 22 ina sayar da albasa a nan. Ƙorafina da ku marubuta shi ne namiji a littafinku ba mutum ba ne, dodo ne. Ba kare shi nake yi ba, abin da ya yi ƙazanta ne. Amma ki nuna yadda aka kai can. A gida idan ka tsaya da wata a lungu, kafin magariba kawunka ya ji. A nan ka hau danfo ka sauka tasha biyu gaba, babu wanda ya san ɗan wane ne kai. Kuma ba shi kaɗai ya yi ba. Akwai abokin da ya raka shi wurin ejan, akwai 'yan majalisar da suka sani, kuma suna cin tuwon Rabi da azumi suna sa mata albarka. Ki saka su.

Maganar ramuwa kuwa, dillali ba shi da jarin da ya wuce amana. Bafatake zai taho da shanu daga Maigatari ko Potiskum, ya damƙa masa, a sayar wa mahauta bashi, a tattaro kuɗi daga baya. Babu takarda, magana ce kawai. Ranar da masu shanu suka ji cewa hayar Ogba daga kuɗinsu ta fito, ko akuya ba mai sake ba shi. Rasidin nan ya fi tafasasshen mai ƙuna.

Malam Abu Hanan, Idi-Araba

Allah ya ƙara basira. Gyara biyu, don masu karatu suna ɗaukar hukunci daga littafi. Kada ki sa Rabi ta furta kalmar zina a kan matar nan a gaban jama'a. Rasidi shaidar haya ce kawai. Aya ta 4 cikin Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Ta nuna abin da ke hannunta, ta tsaya nan. Na biyu, in ya sake ta, ba shi da ikon watso mata kaya waje. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta cikin idda, kuma a mazhabar Malikiyya riƙon yara nata ne, ciyarwa tasa. Sai dai ki tuna Legas ba ta da kotun Musulunci ta gwamnati irin ta Kano ko Jigawa. Yawancinmu gaban liman ko fadar Sarkin Hausawa muke zuwa, su kuma ba su da ɗan sandan da zai tilasta masa.

Hajiya Iya, Obalende

'Yata, shawarar Baban Sadik tana da kyau, amma shawarar namiji ce. Amanar da yake cewa a rusa, daga cikinta yaran nan huɗu suke cin abinci.

Na ga wadda ta yi hakan da idona. Ta tona mijinta a kasuwa, kwana biyu mata suna yi mata jinjina. Wata uku bayan nan haya ta ƙare. Mai gidan haya bai san idda ba, kuɗin shekara ya sani. Ni na taya ta ɗaure kaya. Katifa da firji ta sayar a wulaƙance don kuɗin mota, kwanukan aurenta ta raba mana. A bayan tirelar da ta sauke kaya za ta koma Arewa aka sama musu wuri, ƙaramar 'yar tana rungume da jakar makaranta tana tambaya ko Litinin za su dawo. Yaran Yarbanci ya fi kama bakinsu, can kuma aka riƙa kiran su 'yan Ikko. Shi yana nan, ya koma wata kasuwar.

Don haka in Rabi mai wayo ce, ta ninke rasidin ta sa a ƙasan adaka. Ta fara awara ko tuwon sayarwa a bakin masallaci, ta shiga adashi hannu biyu, ta kai shekara tana yi masa sannu da zuwa. Sai ranar da ta biya hayar ɗaki da sunanta sannan ta fito da takarda. Ki rubuta mana shekarar nan dalla-dalla, yadda take zuba masa miya hannunta na rawa. Kuma kada ki manta da yaron da ya karanta. Shi ma ya sani, kuma kullum tare suke tafiya sallar asuba da uban.

Ummu Khairat, Agege

Hajiya, kin sa ni hawaye. Ashe tun babi na 30 na yar da yaron, ban sake ko ambatonsa ba. Malam, na goge wurin da ta zagi matar a bakin famfo, na gode. Baban Sadik, abokin nan zai shigo, shi ne ma zai riƙa kawo mata cefane ranar da mijin bai kwana gida ba.

Daren jiya na rubuta shafi shida. Rabi ta shanya rasidin a bayan murfin tukunya har ya bushe, ta cusa shi cikin kwallar da uwarta ta ba ta. Da asuba mijin ya shigo yana ƙamshin turaren da ba na ɗakinta ba, ya ce wa yaron ya ɗauko buta. Ban san ko yaron zai ɗauko ba tukuna, a nan na tsaya.