Muhawara: ƙarfen tauraro da na Ƙofar Ruwa

Malamin Fiziks: Jama'a, yau raina ya ɓaci. Ina faɗa wa ɗalibai cewa ƙarfen da ke cikin tauraro da wanda ake sayarwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ƙwayar zarrarsu iri ɗaya ce, halinsu ɗaya ko'ina, sai wani abokin aikina ya leƙo ta taga ya ce, "Ka je can ne?" Aji ya kwashe da dariya. Ban je ba, amma hasken taurarin ya zo mana. Kowane sinadari da layukansa a cikin haske, kamar zanen yatsa. A 1868 aka ga wani layi ruwan ɗorawa a hasken rana da bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, aka raɗa masa suna hiliyom. Sai a 1895 masanin kimiyya William Ramsay ya samo shi a nan ƙasa, da layin nan nasa.

Ɗan Fagge: Allah ya huci zuciyarka Malam, amma ku daina ce wa abin nan zarra. Malaman tafsiri sun ce zarra ƙaramar tururuwa ce, ko ƙurar da ake gani in rana ta ratso ɗaki.

Hajiyar Gwale: To me za mu ce? Tun muna yara ƙwayar zarra muke ji a rediyo.

Ɗan Fagge: Rediyo ba hujja ba ce, Hajiya.

Injiniya: Larabawa da kansu zarra suke ce mata a littattafan kimiyyarsu. Ka fi su Larabci ne?

Ɗan Fagge: Kai da ko ajin farko na Islamiyya ba ka gama ba?

Injiniya: Unguwarmu ɗaya, kowa ya san wanda ya gudu.

Bakatsine: Ku bar wannan. A 1962 dutse ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, kilo 18, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas ya zo. Da aka bincika, sinadaran da muka sani ne a ciki. Hujjar Malam a garinmu ta sauka.

Hajiyar Gwale: Ku Katsinawa komai sai kun ce naku ne.

Ɗalibar jami'a: Malam, kalmar "ko'ina" ta yi girma. Masanin taurari John Webb da abokan aikinsa sun ce sun ga ɗan bambanci ƙalilan a layukan sinadarai cikin hasken da ya taso daga nesa ƙwarai.

Malamin Fiziks: Yauwa, 'yata, ga magana. Awon da aka yi daga baya bai tabbatar da nasu ba. Sannan a Oklo ta ƙasar Gabon, a 1972, an gano inda ƙarfen yuraniyom ya kunna wutar nukiliya da kansa shekara kusan biliyan 2 da suka wuce, kuma abin da ya bari ya dace da halinsa na yau.

Injiniya: Har yanzu ina jiran Ɗan Fagge ya janye maganar Islamiyya.

Ɗan Fagge: Ba zan janye ba.

Shugaban zaure: To, a tsaya nan. Abin da aka fahimta shi ne, Ɗan Fagge ya kawo gyara mai ƙarfi, kalmar zarra tana buƙatar hattara, kuma babu wanda ya je tauraro. Injiniya, a riƙa girmama na gaba.

Malamin Fiziks: Ranka ya daɗe, hiliyom da Zagami da Oklo fa? Ko ɗaya ba ka ambata ba. Gobe ƙarfe takwas zan koma ajin nan, yaran suna jira na.